Yadda Ake Saka Makunnin Kashe ESC a Mota Ba Tare da An Taɓa Lafiyar Birki Ba

Duk direban da motarsa ta taɓa kafewa cikin yashi mai zurfi ko taɓo ya san wannan takaicin. Ka taka totur har ƙasa, injin ya ƙi ɗaukar wuta, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa mai hoton mota da karkatattun layuka biyu tana ta ƙyaftawa a dashbod, tayoyi su ɗan motsa su tsaya. Ba injin ne ya gaza ba. Kwamfutar birki ce ta ga taya na juyawa a banza, ta ɗauka santsi ne, sai ta rage wa injin ƙarfi ta kuma dafe birki. A kan kwalta wannan dabara ceton rai ce. A cikin yashi kuwa, inda juyin taya da zafin tafiya ne ke fitar da kai, ita ce ke ƙara binne ka.

Tsarin da ke wannan aiki sunansa ESC, amma kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa. Mercedes-Benz da Volkswagen suna ce masa ESP, Toyota VSC, Honda VSA, BMW da Mazda DSC, Nissan da Subaru VDC, Ford AdvanceTrac, General Motors kuma StabiliTrak. Ya fara fitowa kasuwa a 1995, lokacin da Mercedes-Benz da Bosch suka saka shi a manyan motocin S-Class. Abin da ya sa ya bazu shi ne kifewar da ƙaramar A-Class ta yi a 1997 a Suwidin, a gwajin kauce wa abu kwatsam a kan hanya; daga nan kamfanin ya saka ESP a kowace A-Class. Amurka ta wajabta shi ga duk sababbin ƙananan motoci daga Satumbar 2011, Tarayyar Turai kuma daga Nuwambar 2014. Binciken IIHS, cibiyar nazarin haɗuran mota ta Amurka, ya nuna yana rage kusan rabin haɗuran kisa irin waɗanda mota ɗaya ke ƙwacewa ita kaɗai. Na kawo wannan adadi tun da wuri domin shi ne zai yanke mana irin makunnin da za mu saka: wanda ke mantuwa. Wato da zarar ka kashe mota ka sake tayarwa, ESC ya dawo aiki da kansa, ko ka tuna ko ba ka tuna ba. Makunnin da ke zama a kashe har sai an tuna da shi, wata rana sai ya yi maka sakiyar da ba ruwa a kwanar da ruwan sama ya jiƙa.

Sai ka san abin da za ka taɓa

ESC ba wani akwati ba ne daban da za ka cire wa soket. Yana zaune ne cikin na'urar ABS mai hana tayoyi kullewa in an taka birki, wannan dunƙulen ƙarfe mai bututun birki da ke ƙarƙashin bonet. Yana sauraron sensa huɗu na gudun tayoyi, da sensar sitiyari da ke gaya masa inda direba ya nufa, da sensar juyi da ke gaya masa inda jikin motar ya nufa a zahiri. Idan biyun nan na ƙarshe suka saɓa, sai ya kama birkin taya ɗaya tak. In bayan mota ne ya fara kwashewa a kwana, ya kama tayar gaba ta waje. In gaban ne ya ƙi shiga kwana yana miƙewa, ya kama tayar baya ta ciki.

Matsalar ita ce gida ɗaya suke da abubuwa da yawa. ABS na nan, da tsarin raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, da mai riƙe mota a kan tudu kada ta gangara baya, a sababbin motoci har da birkin gaggawa mai kama kansa. Wanda ya yi gaggawar yanke waya yakan kashe biyar alhali ɗaya ya nufa.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka yi wa kanka da gaskiya. Idan abin da ya dame ka shi ne ESC na kama birki haka kawai a kan lafiyayyen titi, to ba makunni kake bukata ba, gyara kake bukata. Tayoyi masu girma dabam-dabam, sitiyarin da ya karkace bayan an yi alaimen, sensar taya da ta kwashi datti, ko sensar juyi da ba a sake saita ta ba bayan an ɗaga mota, duk suna jawo haka. Kashe shi a nan kamar toshe bakin mai kukan ɓarawo ne. Dalilan da suka karɓu kaɗan ne: yashi, taɓo, dusar ƙanƙara mai zurfi, girgiza mota gaba da baya don fitar da ita daga rami, filin tsere, da injin gwajin ƙarfin mota inda tayoyi biyu ke juyawa biyu na tsaye.

Mataki na farko: duba ko motar ta riga ta ba ka ƙofa

Kafin ka ɗauki sukudireba, buɗe littafin motar. Mutane da yawa na da maɓallin ba su san yana da hawa biyu ba. A Toyota da dama, taɓawa ɗaya tana kashe mai hana taya juyawa a banza kawai, amma in mota na tsaye ka danne kamar daƙiƙa 3, VSC ma zai kashe. A BMW ma haka: gajeren danni ya sassauta, dogon danni ya kashe DSC. Wasu motocin sun ɓoye shi cikin allon dashbod. Manyan motoci masu jan taya huɗu da yawa suna kashe shi da kansu in ka shiga giyar ƙarfi ta 4L. In ɗaya daga cikin waɗannan ya biya maka bukata, ka huta, rufe bonet.

Mataki na biyu: samo taswirar wayoyi

Ba ta mota mai kama da taka ba, ta motarka: samfuri, shekara, girman injin, in da hali ma da lambar shasi. Kamfani kan canza launin waya da lambar fil, wato ƙafar soket, tsakanin shekara da shekara. Duk wanda ya ce maka "yanke jar wayar kawai" ba tare da ya tambaye ka shekarar motarka ba, kada ka saurare shi.

Kayan aikin ba su da yawa: mita mai auna wuta, kwamfutar duba mota wadda ke iya karanta ABS (ƙananan masu karanta injin kawai ba za su yi ba), abin feƙe waya, dalma da ƙarfen narka ta ko maɗaurin waya na matsewa, robar da ke tsukewa in ta ji zafi, da sifana ta kwance kan batir. Fitilar gwaji mai ƙwai, irin wadda masu riwaya ke yawo da ita, ajiye ta gefe. Tana jan wuta fiye da abin da layin kwamfuta ke ɗauka, tana iya ƙona abin da ya fi duk aikin tsada.

Haɗa kwamfutar a soket ɗin OBD mai fil 16 da ke ƙasan sitiyari, ka karanta lambobin matsala tun kafin ka taɓa komai, ka rubuta su. In akwai tsohuwar cuta a ABS, warkar da ita tukuna, don kada gobe ka rasa gane wace ce taka wace ce ka tarar.

Hanya mafi tsafta: mayar da maɓallin kamfani

Sau da yawa kamfani na ƙera mota iri ɗaya don kasuwanni dabam-dabam, wata da maɓallin kashe ESC wata babu, amma na'urar ABS ɗin ɗaya ce. Alamar farko ita ce murfin roba a jerin maɓallan dashbod, wurin da aka toshe. Ɓamɓare shi ka leƙa. In ka yi sa'a za ka tarar da soket a naɗe da salatif yana jiran maɓalli. Sayo na asali ka cusa, aiki ya ƙare.

In babu soket, koma kan taswira ka nemi fil ɗin makunnin ESC a jikin babban soket na ABS. Ka lura da abu guda da kyau: wasu motocin maɓallin na haɗa wannan fil da jikin mota ne, wato negatif, wasu kuma da wuta mai bolt 12. Juya su na iya kashe na'urar, don haka taswira ce alƙali a nan, ba zato ba.

Kashe mota, zare makulli, kwance kan batir na negatif, ka dakata. Toyota kan ce daƙiƙa 90, Honda minti 3. Ni dai minti 10 nake ba shi, ba abin da zan rasa. Wannan jira don jakar iska ne, domin na'urarta na riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir. Sannan zare soket ɗin ABS, ka saka sabon fil a raminsa tare da 'yar robarsa mai hana ruwa shiga. Bi da wayar ta cikin robar da sauran wayoyi ke ratsa bangon da ke tsakanin injin da cikin mota, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa. Kada ka huda sabon rami ka bar waya na gogar ƙarfe tsirara.

Maɓallin dole ya zama mai dawowa da kansa in an sake shi, irin na ƙararrawar ƙofa. Na'urar taɓawa take jira, ba riƙewa ba, kuma wasu in suka ga layin a danne na dogon lokaci sai su ɗauka maɓallin ya maƙale su daina sauraronsa. A wasu motocin, musamman dangin Volkswagen, sai an shiga da kwamfuta irin su VCDS an gaya wa na'urar cewa yanzu akwai maɓalli. Kafin ka canza kowace lamba a can, ɗauki hoton ta asali.

Daɗin wannan hanya shi ne motar da kanta ce ta yarda ta kashe. ABS na nan daram, babu lambar matsala, kuma kashe mota da tayarwa na mayar da komai. Aibinta ɗaya: wasu motocin kashewar rabi suke yi, in ka wuce wani gudu, sau da yawa wajen kilomita 50 a awa, sai tsarin ya dawo. Ga mai fita daga taɓo wannan ya wadatar. Ga mai hawan tudun rairayi bai isa ba, shi ya sa ake zuwa hanya ta biyu.

Hanya ta biyu: ɗauke wa sensar juyi wuta

Dabarar ita ce a rufe wa ESC ido ɗaya. In sensar juyi ta yi shiru, na'urar ba ta da yadda za ta san ko mota na kwashewa, sai ta janye hannunta ta kunna fitilar gargaɗi. A motoci da yawa ABS na ci gaba da aiki domin shi gudun tayoyi ne abincinsa. A motoci da yawa na ce, ba duka ba, shi ya sa gwaji ke zuwa kafin yanka.

Sensar ƙaramin akwati ne da aka ɗaure da noti a ƙasan mota ta ciki, kusa da tsakiya, galibi ƙarƙashin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba ko ƙarƙashin kujera, sau da yawa da kibiya a jikinta mai nuna gaba. Kada ka kwance ta, kada ka buge ta, soket ɗinta kawai muke so. Maƙwabciyarta a wannan wuri sau da yawa ita ce na'urar jakar iska. Duk soket ko waya mai launin rawaya, hannunka ya yi nesa da ita. In kuma taswira ta nuna cewa a motarka sensar juyi na cikin na'urar jakar iska ko cikin ABS ɗin kanta, kamar yadda yake a yawancin sababbin motoci, to wannan hanya ba taka ba ce. Tsaya a nan.

In sensar daban take, nemo wayar wutarta a taswira ka tabbatar da mita. Buɗe makulli ba tare da tayar da injin ba, baƙin tsinken mita a jikin ƙarfen mota, ja a bayan soket. Wayar wuta za ta nuna bolt 12 ko 5, gwargwadon motar. Wayoyi biyu da aka murɗe tare, masu nuna kusan bolt 2.5 kowacce, layin CAN ne, hanyar da kwamfutocin mota ke zance da juna. Yanke su ko tsawaita su kan rikita motar gaba ɗaya, daga mitar gudu har giya. A tsofaffin sensa wayar saƙo ma kan nuna kusan 2.5 in mota na tsaye. Duk mai 2.5 dai, ba ruwanka da ita.

Yanzu gwajin. Kashe mota, zare fil ɗin wuta kaɗai daga soket da siririn tsinke, naɗe kansa, mayar da soket, tayar da mota, ka kalli dashbod. In fitilar ESC kaɗai ta tsaya, madalla. In ta ABS ta kama, ko jar fitilar birki, motarka ta gaya maka ba ta yarda ba. Mayar da fil, share lambar, ka haƙura da wannan hanya.

In gwaji ya yi kyau, ga haɗin. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su yanke wayar su ja ta har dashbod su saka makunni mai ɗagawa da saukewa. Yana aiki, amma yana da illa biyu: ka ƙara wa layi mai laushi tsawon mita biyu ko uku, kuma makunnin ba ya mantuwa. Gara a yi amfani da rile, wato makunnin da wutar lantarki ke kunnawa, mai layi biyu, irin mai ƙafa 8 na bolt 12, a ajiye shi dab da sensar. Ƙarami na kayan lantarki ya fi babban rilen fitila dacewa, domin wutar sensa kaɗan ce ƙwarai, manyan rile kuma bakinsu kan yi tsatsa in ba wuta mai ƙarfi ke ratsa su ba.

Kowane layi a rilen na da ƙafa uku: ta tsakiya, wadda ke haɗe in rile na hutawa, da wadda ke haɗuwa in ya kama. Bayan ka sake cire batir ka jira, yanke wayar wutar sensa nesa kaɗan da soket, yadda za a iya mayarwa. Ɓangaren da ya fito daga mota ya tafi ƙafar tsakiya ta layin farko, ɓangaren da ya nufi sensa ya tafi ƙafar da ke haɗe a hutu. Wannan zaɓi shi ne zuciyar aikin. In rile ya mutu, in fiyus ɗinsa ya ƙone, in wayar maɓalli ta tsinke, sensar na samun wutarta, ESC na aiki.

Layi na biyu shi ne zai riƙe rilen. Ɗauko wuta daga akwatin fiyus na cikin mota, daga layin da ke mutuwa in an kashe makulli, kamar na wurin cajin waya in naka na mutuwa da makulli. Tabbatar da mita. Kada ka ɗauka daga fiyus na ABS ko na jakar iska. Saka mata nata fiyus na amfiya 3 ko 5. Raba wannan wuta gida biyu: ɗaya ta bi ta maɓalli mai dawowa zuwa ƙafar fozitif ta naɗin rile, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke sa shi kamawa, ɗaya ta shiga ƙafar tsakiya ta layi na biyu. Daga ƙafar da ke haɗuwa in rile ya kama, ja gajeriyar waya zuwa wannan fozitif ɗin dai na naɗi. Ɗaya ƙafar naɗin kuma ta tafi jikin mota, a kan noti mai tsabta marar fenti. Kana danna maɓalli rile zai kama, ya ɗauke wutar sensa, ya kuma ciyar da kansa ta layi na biyu ko ka saki maɓallin. Kana kashe makulli wuta ta ɗauke, ya saki. Ka ga makunni mai mantuwa ke nan.

Ƙara abu biyu. Dayod, mai barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, irin 1N4007, a tsakanin ƙafafun naɗi, gefen mai zobe na kallon fozitif, don ya shanye tartsatsin da naɗi ke mayarwa in ya saki. Sai ƙaramar fitila ja ta bolt 12 a kan waɗannan ƙafafu, a kafa ta inda ido ba zai kauce mata ba. Wani zai ce ai ba maɓallin mayar da ESC aiki. Da gangan ne: yawancin na'urorin ABS in suka ga sensa ta ɓace ba sa sake yarda da ita sai an kashe mota an tayar, don haka irin wannan maɓallin zai kashe jar fitilarka ne kawai ya bar ka kana zaton kana da kariya.

Kowane haɗi a yi masa dalma ko matsewa mai kyau, a rufe da roba mai tsukewa. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba aiki ba ne a layin birki. Ɗaure rilen kada ya riƙa karkarwa, maɓallin kuma a sa shi inda gwiwa ko yaro ba zai danna ba; mai murfi ya fi.

Abin da ake yawan yi wanda bai kamata ba

Makunni a kan fiyus na ABS shi ne mafi sauƙi kuma mafi muni. Yana kashe ABS da mai raba birki, sai tayoyin baya su riƙa kullewa kafin na gaba, wanda shi ne ainihin abin da ke juya mota. A wasu motocin mitar gudu na mutuwa, giya mai canza kanta ta rikice. Yanke sensar taya ɗaya ma kusan haka yake. Sensar sitiyari kuwa tana manne da wayoyin jakar iskar direba, kuma a yawancin motoci kan layin CAN take.

Gwaji bayan haɗawa

Mayar da batir, tayar da mota ba tare da taɓa maɓalli ba. Duk fitilu su kama su mutu kamar kullum. Wasu motocin bayan cire batir sukan nemi a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ko a ɗan yi tafiya a miƙe kafin fitilar ESC ta mutu, wasu kuma sai an saita da kwamfuta a wuri mai shimfiɗe. Danna maɓalli kana tsaye: jar fitilarka da ta ESC su kama, ta ABS kada ta kama. Kashe, tayar, ka ga komai ya koma. Maimaita sau uku.

Sannan nemi fili mai tsakuwa ko ƙasa inda ba mutane ba motoci. A gudun kilomita 30, taka birki da ƙarfi, ESC a kunne: ka ji feda na bugun ƙafarka. Danna maɓalli ka sake. In bugun nan ya ɓace tayoyi suka ja ƙasa, ABS ya tafi ko da fitilarsa ba ta nuna ba, sai a warware aikin. Ka sani kuma cewa a wasu motoci masu jan taya huɗu, tsarin da ke kama tayar da ta rataya a sama don tura ƙarfi ga wadda ke ƙasa yana mutuwa tare da ESC. A yashi ba damuwa, amma a kan duwatsu da kwazazzabai za ka ji rashinsa, don haka gwada ka san halin motarka tun kafin ranar bukata. Hanya ta biyu na barin lambar matsala a na'urar duk lokacin da ka danna. Ba ta hana komai, amma gaya wa makanikenka kada ya sayar maka da sabuwar sensa a banza.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya motar da fitilar ESC ɗinta ke nuna matsala ba ta cin MOT, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. A Amurka dokar tarayya ta hana dillalai da garejin gyara lalata na'urar kariya da aka wajabta, shi ya sa da wuya gareji ya karɓi aikin hanya ta biyu. Kamfanin inshora ma na iya kafa hujja da gyaran da ba a sanar da shi ba, garantin mota haka. Tambayi naka tun kafin ka yanke waya.

Zana haɗin da ka yi a takarda, da launin wayoyi da inda rile yake, ka ajiye cikin littafin motar. Ranar da za ka sayar da ita, cire rilen, haɗa kawunan wayar nan biyu da dalma, rufe da roba, share lambobin, ka mayar da murfin roba a ramin maɓallin.